Yadda Ake Koyon Ƙididdiga Daga Littafin Cinikin Shago

Yawancin masu tsoron ƙididdiga an fara musu ita ne ta wutsiya. Tun ranar farko aka cika musu allo da haruffan Girkanci da dogayen ƙa'idoji, alhali ba su taɓa riƙe alƙaluman kansu sun yi musu tambaya ba. Duk wanda ya zo wurina yana son koyo, ɗalibi ne mai rubuta kundin kammala karatu ko ɗan kasuwa, da littafin ciniki nake fara masa, domin kuɗi abu ne da kowa yake ji a jikinsa. In lissafin ya karkace, zuciyar mutum takan gaya masa tun kafin malami ya gaya masa. Abin da za ka koya a nan shi ne dai za ka yi amfani da shi gobe a kan makin ɗalibai, ko amfanin gona, ko yawan masu zuwa asibiti.

Kayan aiki

Littafi mai layi, biro, fensir da magogi, da rula. Sai kalkuleta mai maɓallin √, wanda yake nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wadda ka shigar. In babu, juya ta wayarka a kwance, a wayoyi da yawa maɓallin zai fito. Takardar giraf tana da amfani, amma littafin lissafi mai gida-gida na 'yan firamare yana maye gurbinta. In kana da Excel ko Google Sheets a waya ko kwamfuta, ajiye su tukuna. Ka yi zagayen farko da hannu, sannan ka sa na'ura ta tabbatar maka. Wanda ya fara da na'ura yakan sami amsa, amma ba ya sanin lokacin da amsar ta zama shirme.

Mafi muhimmanci su ne alƙaluman kansu. In ba ka da shago, roƙi littafin wani na kusa da kai, ko ka rubuta kuɗin cefanen gidanku kullum na mako biyu.

1. Tsayar da tambaya ɗaya

Kafin ka rubuta lamba ko ɗaya, rubuta tambayarka a saman shafi. "Yaya kasuwa take?" ba tambaya ba ce da alƙaluma za su amsa. "Nawa nake sayarwa a rana irin ta yau da kullum?" ita ce tambaya. Da ita za mu yi aiki.

Daga nan sai ka yanke abin da kake nufi da ciniki. Kayan da aka karɓa bashi yana ciki? Kuɗin da aka turo ta banki fa? Duk wanda ka zaɓa daidai ne, muddin ba ka canza a tsakiyar hanya ba. Haka ma'auni: in hatsi kake aunawa, ka tsaya kan kwano ɗaya, domin mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, kuma mudu mai toliya daban, shafaffe daban.

2. Gane irin bayanan da ke hannunka

Iri biyu ne. Akwai na adadi, waɗanda ake ƙirgawa ko aunawa: naira, buhu, shekaru, kilo. Akwai na rukuni: namiji ko mace, unguwa, irin sabulun da aka saya. Na adadi ake tarawa a raba. Na rukuni ƙirga su kawai ake yi, a ce mutum nawa ne a kowane gida.

Ɗalibai suna yawan faɗawa rami a nan. Sai a sa wa namiji lamba 1, mace lamba 2 don sauƙin shigarwa a kwamfuta, daga baya a nemi matsakaici, a rubuta 1.4 a kundi. Kwamfuta ba za ta hana ka ba, amma 1.4 ba namiji ba ne ba mace ba. Waɗannan lambobi sunaye ne kawai.

3. Rubuta, sannan ka tsaftace

Ga misalin da za mu bi, cinikin shagon kayan masarufi na kwana 15, da dubban naira, a jere yadda kwanakin suka zo:

42, 38, 45, 40, 52, 36, 44, 41, 40, 47, 39, 43, 50, 40, 123

Kowace lamba ta sami layinta, da kwanan wata, da sunan rana, da gefe guda na ƙarin bayani: an yi ruwan sama, wata ya ƙare an biya albashi, babu wuta firji bai yi sanyi ba. Wannan gefen da mutane suke rainawa shi ne zai fassara maka lambobin daga baya.

Ranar da ba a buɗe shago ba, ko aka manta ba a rubuta ba, ka bar gurbin fili, ka ja ɗan layi. Kada ka sa 0. Sifili yana nufin an buɗe, an wuni, ba a sayar da komai ba. Excel yana tsallake gurbin da babu komai in yana fitar da matsakaici, amma yana ƙirga 0, sai ya ja amsarka ƙasa ba ka sani ba.

Yanzu dubi 123. Lamba irin wannan da ta fita daga cikin 'yan'uwanta, a fara tuhumar biro: ko 23 aka so rubutawa, ko 12.3? Koma ga rasit ko ga wanda ya rubuta. A misalinmu, gefen bayani ya nuna jajiberin Sallah ne. Ke nan lambar gaskiya ce, ba a goge ta. Goge lamba don ba ta yi maka daɗi ba ha'inci ne, ko da kanka kaɗai kake ha'inta.

4. Jera su, ka kalle su

Daga ƙarami zuwa babba:

36, 38, 39, 40, 40, 40, 41, 42, 43, 44, 45, 47, 50, 52, 123

Ƙirga su ka tabbatar 15 ne har yanzu. A wajen jerawa ne lamba take ɓacewa. Sai ka kasa su gida-gida, kowane gida faɗinsa ɗaya, ban da na ƙarshe da ya kwashi ragowar:

35 zuwa 39: kwana 3
40 zuwa 44: kwana 7
45 zuwa 49: kwana 2
50 zuwa 54: kwana 2
55 zuwa sama: kwana 1

Gidajen kada su shiga juna. In ka rubuta 35 zuwa 40, sannan 40 zuwa 45, ina za ka kai 40?

Zana wa kowane gida sanda mai tsawon yawan kwanakinsa. Tun ba ka taɓa kalkuleta ba ka riga ka ga cewa cinikin ya taru ne a arba'in da 'yan kai, da rana ɗaya can nesa ita kaɗai. Ni a ganina wannan mataki ya fi duk na bayansa daraja, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

5. Nemo tsakiya, ta hanya uku

Hanya ta farko ita ce matsakaici da kowa ya sani: tara duka, raba da yawansu. Jimilla 720, a raba gida 15, ya ba da 48.

Ta biyu ita ce lambar tsakiyar jeri. Tunda 15 ne, ta 8 ce a tsakiya, bakwai a gabanta bakwai a bayanta: 42. In yawansu ba mara ba ne, kamar 14, sai ka ɗauki biyun da ke tsakiya ka tara ka raba biyu. Sharaɗinta shi ne a jera tukuna. Wanda ya ɗauki ta tsakiya daga jerin kwanaki ya ɗauko 41, kuma kuskure ne.

Ta uku ita ce wadda ta fi maimaituwa: 40, sau uku.

To, 48, ko 42, ko 40? Koma ga jerin. Kwana nawa ne ciniki ya kai 48? Uku kacal cikin 15. Ashe in mai shago ya ce "ina sayar da na dubu 48 a rana", ya faɗi abin da ba ya samu a kwana 12 cikin 15. In kuwa a kan wannan lamba ya ɗauki adashi mai zubi kullum, ko ya yi alkawarin biyan dila, zai sha wuya. Jajiberin Sallah ne ya ja matsakaicin sama. Cire ranar na ɗan lokaci ka gani: 597 a raba gida 14 ya ba da 42.6, matsakaici ya faɗo da fiye da dubu 5. Ita kuwa lambar tsakiya daga 42 ta koma 41.5 kawai, da ƙyar ta motsa.

Ga yadda nake zaɓa. In tambayar ta shafi rana irin ta kullum, kuma akwai lamba da ta yi fice, lambar tsakiya ce amsa. Shi ya sa a maganar kuɗin shigar jama'a ita ta fi faɗin gaskiya, domin attajiri ɗaya a unguwa ya isa ya ɗaga matsakaicin unguwar duka. In tambayar ta shafi jimilla, kamar nawa ya shigo gaba ɗaya a raba wa kwanaki, matsakaici ne, domin kuɗin Sallah ma kuɗi ne. Wadda ta fi maimaituwa kuwa ta fi amfani wajen saro kaya: mai sayar da takalma lambar da aka fi nema yake son sani.

Wani tarko: kada ka tara matsakaici biyu ka raba biyu sai in yawansu ɗaya ne. Kwana 6 masu matsakaicin 40 da kwana 2 masu matsakaicin 60 ba su ba da 50 ba. Jimillarsu 240 da 120, wato 360, a raba gida 8: 45.

6. Auna warwatsuwa

Tsakiya rabin labari ce. Ɗauki shago biyu, kwana biyar-biyar:

Na Malam: 38, 40, 40, 40, 42
Na Hajiya: 20, 30, 40, 50, 60

Dukansu matsakaicinsu 40. Amma Malam ya san abin da zai kai gida kullum, Hajiya kuwa yau daɗi gobe ɗaci.

Ma'auni mafi sauƙi shi ne tazara: babba a ɗebe ƙarami. Na Malam 4, na Hajiya 40. Lahaninta shi ne lamba biyu kawai take kallo. A misalinmu na kwana 15 tazarar 87 ce, amma ba don ranar Sallah ba 16 ce.

Wanda ya fi ta tsayuwa shi ne tazarar rabin tsakiya. Raba jerin biyu a kan lambar tsakiya, ka nemo tsakiyar kowane ɓangare. Bakwai na ƙasa tsakiyarsu 40, bakwai na sama tsakiyarsu 47. Ke nan kusan rabin kwanakin suna tsakanin 40 da 47, tazara 7. Da wannan ake gane lambar da ta fita daga garke: ninka 7 sau 1.5, ya ba da 10.5, ƙara shi kan 47, ɗebe shi daga 40. Duk abin da ya haura 57.5 ko ya gaza 29.5 a sake dubansa. 52 tana ciki, 123 tana waje. Excel zai iya ba ka 46 a maimakon 47, domin akwai hanyoyin yanka fiye da ɗaya. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Sai babban ma'auni, gwargwadon kaucewa daga matsakaici, wanda shi ne yake firgita mutane a aji. Bi shi a hankali da na Hajiya. Ɗebe 40 daga kowace lamba: −20, −10, 0, 10, 20. In ka tara su a haka za su cinye juna su ba da 0, kuma kullum haka ne, don haka ka riƙe wannan a matsayin gwaji: in ba su ba da 0 ba, matsakaicinka ba daidai ba ne. Don kada su cinye juna, ninka kowace da kanta: 400, 100, 0, 100, 400. Jimilla 1,000. Raba da yawansu a ɗebe ɗaya, wato 4: 250. Danna √: 15.8. Yi wa na Malam haka, za ka sami 8, a raba 4 ya ba da 2, √ ya ba da 1.4.

Fassararsa: cinikin Malam yakan kauce wa 40 da wajen dubu ɗaya da rabi, na Hajiya da wajen dubu 16. Ana ɗebe ɗayan nan ne idan kwanakin samfuri ne, wato 'yan kaɗan da aka ɗebo daga kwanaki masu yawa, domin samfuri yakan nuna warwatsuwa ƙasa da yadda take. In abin da ke hannunka shi ne duka, kamar makin ɗaliban ajinka kaf kuma su kaɗai suka dame ka, raba da yawansu kai tsaye.

Za ka ji ana cewa wajen kashi 68 cikin 100 na lambobi suna cikin kaucewa ɗaya daga matsakaici, wajen kashi 95 cikin kaucewa biyu. Gaskiya ne, amma sai ga alƙaluman da zanensu ya yi tudu a tsakiya ya gangara daidai hagu da dama. Namu mai doguwar jela ta Sallah ba ya ciki.

Yanzu ka buɗe Excel ko Google Sheets. Zuba lambobin a gurabe daga A1 zuwa A15, ka rubuta =AVERAGE(A1:A15), sannan =MEDIAN(A1:A15), =MODE(A1:A15) da =STDEV(A1:A15). In ukun farko ba su ba da 48, 42 da 40 ba, ɗayanku ya yi kuskure, kuma galibi wajen shigarwa ne.

7. Kaso cikin ɗari, da tambayar "na nawa?"

Daga 40 zuwa 50 ƙarin kashi 25 ne, domin 10 ɗin a kan 40 ake auna ta. Daga 50 a dawo 40 ragin kashi 20 ne. Kullum da inda aka taso ake rabawa.

Duk kason da ka rubuta, rubuta yawan mutanen a gefensa. "Kashi 75 na masu saye sun yaba" yana da daɗin ji, har sai an gano mutum huɗu aka tambaya.

Kuma kada naira ta ruɗe ka. Tun bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 farashin kaya ya yi tsalle, don haka mai shagon da cinikinsa ya ƙaru a naira zai iya kasancewa kaya kaɗan yake fitarwa fiye da da. In za ka kwatanta shekara da shekara, ƙirga katan da buhu tare da kuɗin, ko ka duba alƙaluman hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take fitarwa duk wata.

8. Ɗaukar samfuri

A ce mai shago yana son sanin ko mutanen unguwa za su so a riƙa kai musu kaya gida. Tambayar kowa da kowa ita ce ƙidaya, irin ta 2006 da ta ƙirga 'yan Nijeriya sama da miliyan 140, kuma aiki ne na gwamnati da tarin ma'aikata. Kai samfuri za ka ɗauka. Uwargida ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri, cokali ɗaya ya isa, amma sai ta juya miyar tukuna. Juyawar nan ita ce duk sirrin: kowa ya sami dama iri ɗaya ta shiga.

In kana da jerin sunaye ko lambobin gidaje, rubuta su a 'yan takardu, naɗe, zuba a kwano, ka sa yaro ya ɗebo. In babu jeri, tambayi kowane mai saye na biyar, ka kuma rarraba lokacin: safe, azahar, bayan magariba, ranar aiki da ranar hutu. In da safe kaɗai ka tsaya, yaran aike za ka samu. Ka kuma tuna cewa masu zuwa shagonka ba su ne unguwa ba. Matan da ba sa fita, waɗanda su ne za su fi buƙatar a kai musu, ba za su taɓa faɗowa samfurin bakin kanta ba, sai ka tura wata ta shiga gidajen.

Yawa ba ya gyara karkataccen samfuri. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Sunayen ta samo su ne galibi daga kundin masu tarho da masu mota, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka maido da amsa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da samfurin da bai kai ko kusa da nasu ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Ƙuri'ar jin ra'ayi da ake yi a Facebook ko a zauren WhatsApp irin wannan ciwon gare ta.

In samfurin ya juyu da kyau, ga ƙiyasin kuskurensa a saukaƙe: raba 100 da √ na yawan mutanen. Mutum 100 sun ba da 10, mutum 400 sun ba da 5, mutum 1,000 wajen 3. Wato in ka tambayi 100, 55 suka ce e, gaskiyar tana iya zama ko'ina daga 45 zuwa 65, ba ka da ikon cewa mafi rinjaye sun yarda. Lura kuma, don ka rage kuskure da rabi sai ka ninka mutane sau huɗu.

Tambayar ma kada ta ja mutum. "Ai za ki so a kawo miki kaya har gida, ko Hajiya?" kunya kaɗai za ta sa a ce e. Ka ce: "In ana kai kaya gida a kan naira kaza, za ki yi amfani da shi, ko ba za ki yi ba?"

9. Tafiya tare ba ita ce sanadi ba

Lokacin zafi cinikin ruwan leda yana tashi, kuma a yankinmu a wannan lokacin ne sanƙarau ya fi yaɗuwa. Wanda ya zana su a takarda ɗaya zai ga suna hawa tare suna sauka tare, amma ruwan leda bai kawo sanƙarau ba. Yanayin ne yake tura su duka biyu. Duk sanda ka ga abu biyu suna tafiya tare, nemi na ukun da ke bayansu. Mai shago da ya sa sabon allon talla a makon da aka biya albashi ba zai san wanne ya kawo masu saye ba, sai ya kwatanta da ƙarshen watan da babu allon.

10. Rubuta abin da ka gano

Jimla uku sun isa, kuma su ƙunshi yawan kwanakin, da tsakiya, da warwatsuwa, da duk abin da ya fita daban. Namu zai zama haka: "A kwana 15 da aka rubuta, cinikin rana ta tsakiya dubu 42 ne, kuma kusan rabin kwanakin suna tsakanin dubu 40 da 47. Jajiberin Sallah an sayar da na dubu 123, wanda ya ɗaga matsakaici zuwa dubu 48. Kwanakin ba su kai wata guda ba, don haka ba su nuna bambancin farkon wata da ƙarshensa ba."

In za ka haɗa da zanen sanduna, layin tsaye ya fara daga 0. In ya fara daga 35, sandar 45 za ta ninka ta 40 tsawo, alhali bambancinsu dubu 5 ne.

Ci gaba da rubutawa har wata uku. Daga nan sai ka ware kowace rana daban, duk Juma'o'i wuri ɗaya, duk Litinin wuri ɗaya, ka fitar wa kowace lambar tsakiyarta, ka kuma ware kwana biyar na bayan albashi ka kwatanta su da sauran watan. Da wannan jadawalin za ka tsayar da ranar sari da yawan abin da za ka saro.